Na hau Dutsen Idanre ina ɗan shekara 58, kuma ina neman mai kai ni Kufena

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka tsaga mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana waɗanda girma ya fara kamawa, masu ganin hawan dutse aikin samari ne ko na Turawa 'yan yawon buɗe ido. Ni ma haka na ɗauka har watan Disambar da ya wuce.

Ɗana na uku yana bautar ƙasa a Akure, jihar Ondo, na je duba shi. Ana gobe zan juyo ya ce mini, "Baba, kai da ka shekara 30 kana koyar da tarihi, bai kamata ka koma Zariya ba ka ga Idanre ba." Tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba, ta cikin gonakin koko. Garin yana zaune a tsakiyar manyan duwatsu sun kewaye shi kamar ganuwa, amma abin da ake zuwa gani yana can bisa: tsohon garin, wanda Yarbawa ke kira Oke Idanre, inda kakanninsu suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin su sauko ƙasa a shekarun 1920 zuwa farkon 1930, su kafa garuruwan Alade da Odode.

Ban taɓa hawa dutse ba a rayuwata, kuma ban tambayi kowa yadda ake shiri ba. Doguwar riga na sa har idon sawu, da takalmin fata mai santsin ƙasa, da ledar ruwa guda ɗaya a aljihu. Mun isa gindin dutsen wajen ƙarfe 11, rana ta take. Na faɗi wannan ne dalla-dalla don kada wani ya maimaita, domin kowanne daga cikinsu sai da ya nuna mini kansa a hanya.

Matakalar ta haura hawa 600. Ɗari na farko na wuce su ina hira. Daga nan rigar ta fara harɗe mini gwiwa, sai na tattare ta da hannu ɗaya, ɗayan ina dafa gefe. Zafin can kuma ba irin namu ba ne. A Zariya zufa na fita tana bushewa. A can tana zama a jiki, riga ta manne, iska ta yi nauyi a ƙirji. Kafin zango na biyu ruwana ya ƙare.

Zango na ce, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. A tsawon matakalar an yi wuraren hutawa guda 5, inda mutum zai zauna ya sarara. A na uku ne na ji bugun zuciyata a cikin kunnena, idanuna suka fara ganin dishi-dishi. Ina shan maganin hawan jini, don haka na san ba abin wasa ba ne. Yaron da ke mana jagora, ɗan garin ne, bai fi sa'an ɗana ba, ya dubi fuskata sau ɗaya ya ce, "Baba, zauna. Dutsen ba ya zuwa ko'ina." Ya miƙo mini gorar ruwansa, ya ce in riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kada in kwankwaɗa. Muka yi kusan minti 20 a wurin. Bai gaggauta ni ba, bai kuma ce in koma ba. Sai da numfashina ya daidaita ya tambaye ni ko zan ci gaba. Ya koya mini in riƙa hawa 20 in tsaya, in taka da dukan tafin ƙafa maimakon yatsu. Da babu wannan wurin zama da wannan yaro, da a nan tafiyata ta ƙare, in koma gida in ce wa mutane dutse ba na irinmu ba ne. Allah ya saka masa da alheri.

Abin da na tarar a sama ya wuce abin da na zata. Na ɗauka tsirin dutse ne mutum ya tsaya ya leƙo ƙasa. Ashe fili ne mai faɗi, gari guda, da hanyoyinsa da bishiyoyinsa. Ga tsohuwar fadar Owa, wato sarkinsu, gini na ƙasa mai gajeren rufi da tsakar gida, ginshiƙanta na itace an sassaƙa su da siffofin mutane. Ga ɗakin da aka yi shari'a, ga ginin makarantar firamare ta farko, bango ya tsage, ciyawa ta shiga ajin. A nan na fi daɗewa. Na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin malamin da ya tsaya gaban yara a wannan ɗaki, da iyayen da suka ɗauki kayan ginin a ka. Duk abin da ke wurin nan, in ba dutse da ƙasa ba, wani ne ya hau da shi, kuma a zamanin babu matakalar siminti. Ni da ledar ruwa ɗaya ta gagara, mata sun yi ta hawa da kaya a ka da goyo a baya. Na shekara 30 ina faɗa wa ɗalibai cewa mutanen da sun zauna kan duwatsu don tsira daga hari, amma sai ranar gwiwata ta gaya mini abin da tsaron nan ya ci musu.

An kuma nuna mana sawun ƙafa a jikin dutse da suke kira na Agboogun, da wani rubutu da suka ce ba wanda ya iya karantawa, da rafin Arun, da ƙololuwar Orosun da suke girmamawa. Al'adarsu ce, na saurara cikin ladabi. Tun 2007 wurin yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan takalmina ya zame sau biyu, sai da ɗana ya riƙe ni. Don haka wanda zai je, ya fara da sassafe, ya sa takalmi mai kama ƙasa da wando da 'yar riga, ya ɗauki ruwa aƙalla gora biyu manya, ya ci abinci mara nauyi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likitansa. Kada kuma ya ji kunyar zama.

Malam Edita, tun da na dawo wani abu ke damuna. An haife ni a Zariya, kullum ina hango Dutsen Kufena daga wajen Wusasa, na san akwai ragowar tsohuwar ganuwa da kufai a kewayensa. Na koyar da labarin Turunku da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina sau ba adadi. Ko ɗaya ban taɓa takawa ba, saboda ba wanda ya taɓa ce mini ga hanya, ga inda za ka huta, ga wanda zai raka ka. Sai da na je ƙasar Yarbawa na gane ba rashin ƙarfi ne ya hana ni ba. Ina kira ga matasanmu da suka san hanyoyin waɗannan duwatsu, da ɗaliban tarihi, su haɗa kai su riƙa yi wa dattawa da 'yan makaranta jagora, su sa alamar wuraren da za a zauna a huta, ko da inuwar bishiya ce da dutse mai faɗi.

Ni dai na sayi takalmin, kuma kullum bayan sallar asuba ina zagaya unguwa na rabin awa. Kafin damina ta faɗi ina so in hau Kufena. Duk wanda ya san hanyar da ta fi sauƙi, kuma zai yi haƙuri da mai tsayawa bayan kowane taku 20, ya aiko da saƙo ta hannun wannan jarida.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Tudun Wada, Zariya