Zuwa ga uwata, kan wannan "isn't it" ɗin naki

Assalamu alaikum uwata. Da fatan kina lafiya, ya karatu ya zafi? Mu nan kowa lafiya lau, Innarki na gaishe ki.

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutun saƙon da kika turo min jiya ne a WhatsApp, kika ce "You are coming on Saturday, isn't it?" Ina karantawa na fashe da dariya ni kaɗai a shago, ba dariyar raini ba wallahi, tunawa na yi nima haka na riƙa yi shekara da shekaru. To amma ke ga WAEC a gabanki ga JAMB, kuma wannan 'yar wutsiyar da ake liƙa wa ƙarshen jimla, wadda malamanku ke cewa question tag, tana yawan fitowa a jarabawa, maki ne a ƙasa mutum ya tsallake shi ya wuce.

Daga Hausarmu abin ya samo asali. Mu "ko?" ko "ko ba haka ba?" ta ishe mu ko'ina, za ka zo ko, ta tafi ko, shi ne muke ɗaukar isn't it mu mai da ita haka. Shi kuwa Turanci kowace jimla da tata wutsiyar, kuma daga jikinta ake yanko ta. Ki waiwaya ki nemo ɗan ƙaramin aikatau ɗin nan, irin su is, are, can, will, have, ki dawo da shi ƙarshe ki juya shi, in babu not a jimlar ki sa a wutsiya, in akwai ki cire, sai wakilin suna ya biyo. Kin ga naki sai ya zama "You are coming on Saturday, aren't you?" Ga kuma "She can't swim, can she?" In kin duba ba ki ga ko ɗaya ba sai ki aro do, does ko did, "They left early, didn't they?"

Sai tarkon da masu shirya tambaya suka fi so. Su never, hardly, seldom da rarely ba not a jikinsu amma korewa suke yi, don haka "He hardly eats, does he?" Nobody shima haka, kuma they ake ba shi, "Nobody called, did they?" Ki lura da 's ma, wani lokaci has ce ba is ba, "She's gone home, hasn't she?" Sauran haddacewa kawai za ki yi, I am tana ɗaukar aren't I, Let's tana ɗaukar shall we, umarni kuma galibi will you. Kar ki tambaye ni dalilin aren't I, haka masu abin suka ga dama.

Amma inda ya fi cin mu shi ne amsa. Bahaushe in aka ce masa ba ka ci abinci ba ko, sai ya ce eh, wato ya yarda da mai tambaya. Turanci bai san wannan karar ba, yes ɗinsa da no ɗinsa abin da ya faru suke bi. "You haven't eaten, have you?" In ba ki ci ba, "No, I haven't." In kin ci, "Yes, I have." Ni kaina na sha kunya a kan wannan, ina saurayi na je intabiyu a wata ma'aikata aka ce min "You don't mind working at night, do you?" na ce yes da ƙarfina, ni a nufina na yarda zan yi aikin daren, ashe cewa na yi ba na so. Sai da na fito wani ya fahimtar da ni, aikin dai ban samu ba.

Ki sa wa waɗannan wutsiya ki turo min yau: "We never go there", "Everybody has paid", "There is no water". Ban yarda ki tambayi ƙawayenki ba.

Ranar Asabar ɗin ina nan zuwa in Allah ya yarda, Innarki ta ce in taho miki da yaji da ƙuli-ƙuli. Allah ya yi miki albarka.

Babanki