Filin Kwatarkwashi da dawakin Kano na 1903

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani wuri da muke wucewa ta gefensa a mota ba tare da ko waiwaye ba, wato Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu a jihar Zamfara. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san dutsen nan da ya tokare sama, amma kaɗan ne suka san cewa a karkarar da ke kewaye da shi ne dawakin Kano suka yi karonsu na ƙarshe da sojojin Ingila.

A ranar 3 ga Fabrairu 1903 ne Kanar Morland ya fasa ganuwar Kano, alhali Sarki Alu yana Sakkwato tare da manyan hakimansa da mafi yawan baradensa. Da labarin ya riske su a hanyar dawowa, sai Sarki ya rabu da rundunar cikin dare ya yi arewa, inda daga baya aka kama shi aka kai shi Lokoja, can ya rasu a 1926. Ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ne ya ja ragowar jama'a ya nufi gida, kuma a ƙarshen wannan wata suka yi kiciɓis da wata 'yar ƙaramar runduna ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Rahoton Turawa ya ce mutanensu ba su kai 50 ba, sun kuma fuskanci mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har tsawon sa'a biyu. Wannan lissafi na wanda ya ci nasara ne, kuma da shi aka ba Wright lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila, saboda haka ya kamata a karɓe shi da taka-tsantsan.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne yadda yaƙin ya kasance. Sojojin sun sauka daga dawakinsu, suka jeru ta fuska huɗu suna ba juna baya, barade kuwa suka riƙa zuwa a sukuwane da takubba da masu, suna kai hari suna komawa suna sake dawowa. Dabarar da ta shekara ɗaruruwa tana aiki a ƙasar Hausa ke nan, domin lifidi da sulke suna tare kibiya, doki kuma yana tarwatsa sahun 'yan baka kafin su sake ɗana wata. Harsashi bai san lifidi ba. A nan Waziri ya kwanta dama, har yau kuma Kanawa suna kiransa Mai Shahada. Wambai Abbas ne ya shiga Kano da sauran jama'a, aka naɗa shi sarki a watan Afrilu. Wani abin da ba mu cika son faɗa ba shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe bindigogin nan Hausa suke ji.

Kakana ya bar mana wata tsohuwar likkafa ta ƙarfe, mai faɗi kamar tafin hannu biyu, gefenta da kaifi, wadda ya ce ta mahaifinsa ce. Muna yara da ita muke tokare ƙofar zaure. Sai da na girma na gane cewa na yi sakaci da ban zaunar da shi na tambaye shi inda aka hau da ita ba. Shekarun baya na tsaya shan shayi a Kwatarkwashi, na tambayi samarin da ke zaune a benci ko sun san inda aka gwabza, suka dubi juna suka yi dariya; wani dattijo ne da ke gyaran igiyar akuya a gefe ya ambaci sunan Waziri, ya nuna mini wajen gonaki da haɓarsa. Ban ga laifin samarin ba, tunda ni ma ɗan Kano, da nake kallon hawan Daushe kowace Sallah, ban san wurin ba.

Na san matsalar tsaro ta sa zirga-zirga a wannan yanki ta yi wuya, kuma ba na kiran a kwashi 'yan makaranta a kai su daji. Amma akwai aikin da ba ya buƙatar jira. Ina kira ga masarautun Kano da Kwatarkwashi da su haɗa kai da sashen tarihi na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, a naɗi muryoyin dattawan ƙauyukan tun suna raye, a tantance ainihin filin da kaburburan da ke cikinsa, sannan a kafa allo a bakin titi da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da shekarar da sunayen hakiman da suka faɗi tare da Waziri.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Gwale, Kano