Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya: An Ninka Ɗalibai, Ina Malaman?

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya ɗawainiya da jama'a? Allah ya taimaka.

Ni malami ne a ɗaya daga cikin makarantun da ke horar da jami'an lafiyar al'umma a nan Zariya, wato yaran da ke fita su riƙe ƙananan asibitocin da likita ba ya kwana a cikinsu. Magana ɗaya ce ta sa ni rubuto maka. A 2024 ka sanar da 'yan Najeriya cewa an ɗaga guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun likitanci da na jinya da sauran makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Mun ji, mun yi murna. To, malamai nawa aka ƙara? Wannan lissafin muke ta jira a karanta mana a rediyo kamar yadda aka karanta na ɗalibai, har yau shiru.

Ba sai na ɓata maka lokaci da bayanin abin da ya sa ake bukatar waɗannan yara ba. Kai da bakinka ka ce likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage kuma sun fi yawa a Legas da Abuja. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a wani ƙauyen Soba ko Kudan ko Kubau, hannun CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, za ta faɗa, in ta yi sa'a ƙwarai ta samu CHO, wato jami'in da ke sama da shi a karatu da matsayi. Gwamnati ta san da haka, shi ya sa a 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da tsarin sauke wasu ayyukan likitoci da ungozomomi a kan waɗannan ma'aikata: karɓar haihuwa, tsayar da zubar jini, taimakon farko ga mai jijjigar haihuwa, sa ashanar tazarar iyali a hannu. An ƙara musu kaya, kuma daidai ne. Abin da ba a tsaya an duba ba shi ne wanda zai koya musu ɗaukar kayan.

Farfesa, a nan Zariya ka yi karatun likita, zamanin da asibitin koyarwa yake Tudun Wada, kafin a koma Shika. Ka san yadda aka koya maka sa abin sauraro a ƙirjin mara lafiya. Wani babba ne ya tsaya a kanka, ya ce sake, ba nan ba, matsa ƙasa. Aikinmu ke nan mu ma, sai dai namu yaran za su je inda babu babban da za su waiwaya su tambaya.

Bari in ɗauki abu mafi sauƙi. An kawo yaro yana tari. A littafi layi biyu ne: daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, numfashi 50 a minti ɗaya ko fiye alamar limoniya ce, daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Kowace ɗaliba tana haddace wannan cikin dare guda, ta ci jarrabawa da shi. Amma miƙa mata yaro na gaske, yana tsala ihu don ya ga farar riga, uwar tana jijjiga shi, kakar tana ta bayani a gefe. Sai ta ɗaga masa riga, ta ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar ta ninka, ta rubuta adadin da kuka ya ba ta. Dole akwai malami a kafaɗarta da zai ce: bari uwar ta ba shi nono ya lafa, cika minti ɗaya cur, kuma dubi ƙasan haƙarƙarinsa, yana lotsawa ciki in ya ja numfashi ko ba ya yi? Sau da yawa wannan kallon ne ke raba yaron da za a ba maganin sha a sallama da wanda za a nema wa mota a daren. Ba a koyar da shi da lasifika ga aji mai cike har bakin taga. Mutum ɗaya ake koya wa, sannan na bayansa.

Haka allurar mai jijjigar haihuwa. Kafin a ƙara mata ta gaba sai an bugi jijiyar gwiwarta an ga ƙafar ta harba, an ƙirga numfashinta, an duba fitsarin da ta yi. Wanda bai taɓa yi a gaban malami ba, ɗayan biyu ne: ko tsoro ya hana shi ba da maganin, ko ya ba da shi ido rufe. Haka jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, wanda minti na farko shi ne komai a gare shi. Ana koyon hura masa iska a kan 'yar tsanar roba, a lura ko abin rufe hanci da bakin ya zauna daidai, ko ƙirjin yana tashi. Je ka ɗakin koyon aiki ranar firaktikal ka ga layin da ake yi wa 'yar tsanar nan. Na gaba-gaba su taɓa, na baya su leƙa ta kan kafaɗa, lokaci ya ƙare, malami ya wuce wani aji don shi ne dai zai koyar da su su ma.

Sai kuma logbuk, littafin da ake sa wa ɗalibi hannu a kan kowane aikin da ya yi. Haihuwa kaza, awon ciki kaza, rigakafi kaza. Ma'anar wannan sa hannu ita ce: na gani da idona. Yanzu ana tura yara fostin ƙauyuka, a bar su a hannun incaj ɗin da shi kaɗai ne mai duba marasa lafiya, mai ba da magani, mai cike fom-fom na wata. Ranar ƙarshe su jera masa littattafai, ya zauna a benci ya sa hannu daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Ban ga laifinsa ba. Mu ya kamata mu bi su can mu gani, amma da me? Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 kafin watan Mayun 2023 kowa ya san inda ta kai. Malamin da ya nace sai ya je, daga aljihunsa zai biya mota zuwa bakin titi, ya hau acaɓa ya ƙarasa, ga damina, ga zullumin wasu hanyoyin ta wajen Giwa. Ya je sau ɗaya, sau biyu, sai albashi ya ce masa ya isa. Ko bakaniken Sabon Gari ba ya yaye yaro sai ya ga hannunsa a cikin inji, mu kuwa muna yaye masu karɓar haihuwa a kan shaidar takarda.

Malaman kansu kullum raguwa suke yi. Dattijon da ya koyar da rabin ma'aikatan lafiyar ƙasar Zazzau ya yi ritaya, a yi masa walima, a raba darussansa ga waɗanda suka rage. Matashi mai ƙwazo ya je ya ƙaro kwas ɗin koyarwa, ya dawo ya tarar matakinsa na nan inda ya bar shi, sai wata ƙungiyar agaji ta kira shi da albashin da ya ninka nasa. Wa zai ce masa kada ya tafi? Ni dai ban iya ba.

A gefe guda kuma sababbin makarantu masu zaman kansu sai tsirowa suke, kowace da allonta mai ƙyalli a bakin titi. Akwai na kirki a cikinsu. Amma duk wanda ke wannan sana'a ya san abin da ake yi ranar da masu tantancewa za su zo: a ari malamai, a ari kayan aiki, har littattafai. Malami ɗaya sai ka ga sunansa a jerin ma'aikatan makarantu da dama, kowace ta rubuta shi a matsayin nata na dindindin. Baƙi su ci abinci su tafi, washegari kowa ya koma inda ya fito, ɗalibai su ci gaba da kwafar rubutu daga hannun wanda ya gama bara.

Na san za a ce ai ana horar da ma'aikata, ga alƙawarin sake horar da 120,000. Madalla. Ba na raina shi. Amma bitar 'yan kwanaki, da jaka da biro da alawus ɗin zama, tuni ce ga wanda ya taɓa iyawa. Wanda ya fito daga makaranta bai taɓa riƙe kan jariri ba, me za a tuna masa? In kuwa haka za a ci gaba, to a tanadi kuɗin bita na har abada, domin kowace shekara za mu turo muku sababbin masu bukatarta, ninki biyu ma yanzu, albarkacin ƙarin gurabe.

Na kuma san amsa ta biyu, wadda ake ba kowane mai ƙorafi: yawancin waɗannan makarantu na jihohi ne. Gaskiya ne. Amma horar da CHO a asibitocin koyarwa na tarayya ake yi. Hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, wadda doka mai lamba 61 ta 1992 ta kafa, mai tantance makarantu da shirya jarrabawar ƙasa da ba da lasisi, ƙarƙashin ma'aikatarka take. Kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 11, da ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun lafiya a matakin farko, ta ce kashi 10 cikin ɗari na asusun na gina ma'aikata ne. Ma'aikaci daga ina yake farawa in ba daga gaban malami ba? Kai ka riƙe hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa daga 2008 zuwa 2011, a zamaninka aka fara shirin tura ungozomomi karkara a 2009. Ba baƙo nake yi wa bayani ba.

Ko a Amurka, inda Dakta Eugene Stead ya buɗe shirin horar da mataimakan likitoci a Jami'ar Duke a 1965, da ɗalibai huɗu ya fara, tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa, alhali shi ne shugaban sashen likitanci na jami'ar. Ban ce mu koma huɗu ba, ƙasarmu ba za ta iya jira ba. Amma mutumin ya fara ne da tambayar mutum nawa zai iya sa wa ido.

Akwai sauran abubuwa, ba zan ja su ba. Dokar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta 2011 jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi ta ambata, don haka malamin makarantar lafiya yana kallo takwaransa na can yana tafiya ƙaro karatu. Ga mai kula da ɗakin gwaji, da direba, da uwar ɗakin kwanan 'yan mata da ake tasa da tsakar dare in wata ta faɗi, da yawansu 'yan wucin gadi ne shekara da shekaru. Na ɗakin karatu kuwa a bar shi kawai.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka dubi kalanda. A watan Disambar 2023 aka sa hannu a kan yarjejeniya da gwamnoni a Abuja, aka yi alƙawarin ɗaga ƙananan asibitocin da ke aiki sosai daga kimanin 8,800 zuwa sama da 17,000 nan da 2027. Karatun CHEW shekara uku ne. Yarinyar da ta shiga aji a 2024 ita ce za a miƙa wa mabuɗin sabon ginin nan mai sola da fenti. Yanzu haka tana bayan layi tana leƙen 'yar tsana. Gini ana iya gama shi cikin watanni in kuɗi ya fito, ita kuwa wannan shekarun ne kawai take hannunmu, kuma suna tafiya.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin ofishinka ba. A ɗaure gurbin kowace makaranta da yawan malaman da take da su na gaske, a kan lambar rajistar kowane malami, ta yadda suna ɗaya ba zai fito a wuri biyu ba. Makarantar da ta rasa malamai a rage mata ɗalibai har sai ta ɗauka, ko ta gwamnati ce. Daga wancan kashi 10 a fitar da kuɗin bin ɗalibai ƙauye, a rubuta shi da sunansa, ya isa hannun malamin da zai hau hanya. A buɗe ɗaukar malamai a shirye-shiryen CHO na tarayya, ka kuma kai maganar gaban kwamishinonin jihohi a Majalisar Lafiya ta Ƙasa, tunda kai ke shugabantarta. Masu tantancewa kuma su daina aiko da takardar sanarwa. Su zo kawai ranar Talata da hantsi, su nemi jadawalin darasi, su ƙirga malaman da suka tarar, su zaɓi ɗaliba ɗaya daga layin baya su miƙa mata agogo da yaro mai tari.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin lafiyar al'umma,
Zariya, Jihar Kaduna.