Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Matasa Kan Kakin 'Yan Bautar Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Duk sanda maganar gyara shirin yi wa ƙasa hidima ta taso, zancen alawus ne ke cinye fili, musamman tunda aka ɗaga shi daga naira 33,000 zuwa 77,000. Ba na raina kuɗin. Amma ina so in tuna maka asalin kakin nan, don da yawa daga masu saka shi yau ba su san ciwon da aka ɗinka shi dominsa ba.

Yaƙin basasa ya fara a Yulin 1967, ya ƙare a Janairun 1970, bayan kashe-kashen 1966 da suka sa Ibo dubbai tattara komatsansu daga Kano da Kaduna da Jos. Janar Yakubu Gowon ya ce ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci. Faɗa da baki ba wuya. Abin da ya rage shi ne yadda za a sa yaron da ya tashi cikin yunwar Biyafara ya yarda ya kwana a gidan Bahaushe. Amsar da gwamnatinsa ta bayar ita ce dokar soja mai lamba 24 ta ranar 22 ga Mayun 1973, wadda ta kafa hukumar yi wa ƙasa hidima, aka kuma ɗora Kanar Ahmadu Ali a kan hukumar. Jihohi 12 ne a lokacin, jami'o'i 6, ciki har da ta Nsukka wadda yaƙi ya ragargaza. Ɗalibai ma ba su karɓi shirin hannu biyu ba, sai da suka yi zanga-zanga. Gwamnati ta kafe a kan sharaɗi guda: kowa ya bar jiharsa ya je inda bai san kowa ba.

Mu da muka koyar a ƙauye mun ga amfanin wannan sharaɗi. A makarantu da dama, Malam Kofa, wato ɗan bautar ƙasa, shi ne kaɗai malamin lissafi. Zai iso da farar riga da wandon kaki, ko "sannu" bai iya ba, ya ga tuwon dawa ya yamutsa fuska. Kafin damina ta fita yana taya albasa a kasuwa da gurguwar Hausarsa, dattawa na ba shi tabarma, ranar tafiyarsa kuma yara na kuka. Irin wannan mutum, ko ya koma Aba, ba wanda zai zauna ya tsara masa ƙarya a kan mutanen Arewa.

Yau fa? Ana gama makonni uku na fareti a sansani sai layin neman sauyin jiha ya miƙe. Mai uwa a gindin murhu tun daga gida ake nema masa Abuja ko Legas. Ɗan talaka ne ke hawa motar dare. Kuma ban ga laifin iyaye ba. Sun ga yadda aka kashe 'yan bautar ƙasa a Bauchi a rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, yaran da aka ɗora wa aikin rumfar zaɓe. Sun ji labarin matasan Akwa Ibom da aka sace a hanyar Zamfara a Agustan 2023 suna kan hanyar zuwa sansanin Sakkwato, wasu suka shafe watanni a daji.

Don haka, ranka ya daɗe, kafin a kawo sabbin tsare-tsare, a fara da hanya. Hukuma ta ɗauki nauyin kai yaran sansani cikin ayari da rakiyar jami'an tsaro, maimakon a miƙa musu takardar kira a ce kowa tasa ta fisshe shi. Ƙaramar hukumar da ba ta tanadi masauki mai ƙofa da rijiya ba, kada a tura mata kowa. In an yi wannan, sai a rufe ƙofar alfarma, ɗan minista ma ya je Ogoja ko Gumel.

Sannan 'yan rukunin farko na 1973 duk sun haura shekara 70. A nemo waɗanda ke raye a naɗi muryoyinsu, a kuma ware rana ɗaya a kowane sansani su zauna da yaran su ba su labari da bakinsu.

Wassalam,
Wani tsohon malamin makaranta daga Katsina