Zuwa ga 'yata da ta ajiye alli

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Daga bakin mahaifiyarki na ji cewa kin miƙa takardar barin aiki, kuma na san dalilin da ya sa kika kewaye ni. Shekara 11 kina riƙe da alli, yanzu kin ce za ki koma tsaya wa iyayen yara masu buƙata ta musamman, ki raka su zama da hukumar makaranta, ki karanta musu takardun da ake tura musu su sa hannu ba tare da an yi musu bayani ba. Ba zan hana ki ba, kuma ko na hana, na san 'yar da na haifa.

Takardun da kika bari a kan teburina na karanta su duka, ko da yake kin yi zaton ba zan buɗe ba. Na ga sanarwar da aka fitar a birnin Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, wadda ta ce makarantar da kowa yake zuwa ita ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, ta gyara tsarinta domin ya dace da shi. Na ga sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, wanda ya hana a ware yaro daga karatu saboda nakasarsa, har ya ambaci rubutun makafi da maganar hannu. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce dokar Amurka da ta faro a 1975, inda ake rubuta wa kowane irin wannan yaro tsarin karatu nasa na kansa, a sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma iyayensa suna cikin waɗanda za su zauna a tsara shi. Na daɗe ina kallon wannan layin.

Mahaifiyarki kukan albashi da fansho take yi, wannan kuma tsakaninku ne. Ni abin da yake hana ni barci shi ne fushin da kike ɗauke da shi tun ranar da aka kira ni ofishin shugaban makaranta a kan ƙaninki Auta. Kina bakin ƙofa riƙe da hannunsa, kin ji an ce ƙwaƙwalwarsa ba ta ja, kin ga birona ya ƙi rubutu har shugaban makarantar ya miƙo mini nasa na sa hannu. Ina tsoron duk ɗakin da za ki shiga daga yanzu ofishin nan za ki gani, duk uban da ya sunkuyar da kai ni za ki gani, duk malamin da ya ce babu hali ki ɗauke shi shugaban nan ne. Idan haka ta faru, ramuwar gayya za ki yi da 'ya'yan mutane. Za ki fito daga zama kina jin kin yi nasara, amma washegari yaron shi kaɗai zai koma ajin malamin da kika tsinka a gaban shugabansa, kuma ba kya nan lokacin da za a daina kiran sunansa.

Ban manta da abin da kika faɗa mini a zuwanki na ƙarshe ba, cewa da hannuna na rufe masa ƙofa. Ba haka ake yi wa uba magana ba, ko da kuwa yana da laifi. A ranar ba ni da wanda zai ce mini in tafi da takardar gida in karanta, ban san ana neman a gwada jin yaro kafin a yanke masa hukunci ba, kuma an rene ni a kan cewa abin da malami ya faɗa shi ke nan. Shekara 3 muka yi kafin likita ya duba kunnensa. Kina ganin akwai daren da ban lissafa su ba?

Amma ke kina da abin da yawancin masu wannan aiki ba su da shi, domin kin tsaya a gaban aji mai cunkoso, kin san ranar da makaranta take faɗin gaskiya idan ta ce ba ta da hali, kin kuma san ranar da kasala ce kawai. Ki shiga wurinsu a matsayin tsohuwar abokiyar aiki, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki fara da abin da malami zai iya yi gobe da safe: a dawo da yaro layin gaba, a fuskance shi lokacin da ake magana don ya karanta leɓe, a buga masa tambayoyi da manyan haruffa, a ƙara masa lokaci a jarrabawa. Duk abin da aka amince da shi ki nemi a rubuta, iyaye su riƙe kwafi. Kuma ki bar uwar yaron ta fara magana ko da muryarta tana rawa, saboda ita ta san abin da yake sa shi kuka da dare, ke kuwa takarda kika sani. Kada ki yi wa kowa alkawarin sakamako.

Na ji kuma kina ba da labarin Auta a wuraren taro. Yanzu magidanci ne mai iyali, kuma ban taɓa jin ya riƙe ni a zuciya yadda kika riƙe ni ba. Ki nemi izininsa kafin ki sake ambatarsa, idan ya ƙi ki haƙura.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fara a sa'a. Idan kin fito daga zamanki na farko, ni za ki fara kira, ba mahaifiyarki ba.

Mahaifinki.