Manhajar da na rubuta ta nuna giɓi a shagon Baba

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka na gidan rediyo, Allah ya ƙara basira. Ina roƙon a sakaya sunana, domin duk girman Maradi ƴan kasuwar yadi sun san juna, kuma maganar ta cikin gida ce.

Shekarata 26. Bayan na samu bak, wato takardar kammala sakandare, na so in wuce Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sai ciwon ƙafa da hawan jini suka zaunar da mahaifinmu, na dawo shagonsa na atamfa da shadda a babbar kasuwa. Yayana, wanda ubanmu ɗaya amma kowa da ɗakinsu, shi ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Kano ya saro kaya a Kantin Kwari. Ni ke zaman shago.

Abu biyu nake so a rayuwata bayan wannan, rubuta manhajar kwamfuta da ɗaukar hoto. Babu wanda na yi wa makaranta. Kwamfutata tsohuwa ce ta hannu, batirinta ba ya riƙe caji, da an ɗauke kuran sai ta mutu. Na sa mata Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, don kyauta ne kuma ba ya yi mata nauyi, na koyi Python, wani harshen rubuta manhaja, da bidiyoyin da nake saukewa da dare. Abin da ya sa na fara rubuta wa shago manhaja shi ne canji. Da naira muke saye, da sefa muke sayarwa. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 kowace safiya da farashinta a wurin ƴan canji, har ya zama littafin Baba ba ya iya gaya mana ko turmin da muka sayar riba muka ci ko uwar kuɗi muka taɓa. Sai na tsara yadda kowane turmi zai shiga da ranarsa, da kuɗinsa a naira, da canjin ranar, da rabonsa na kuɗin mota da na hanya. In ya fita a rubuta nawa aka sayar, in bashi ne a sa sunan mai bashin. Duk yana cikin fayil ɗaya na SQLite, wato ma'ajiyar bayanai, ina kwafe shi a filash kowane dare. Baba ya ji daɗin abin ƙwarai, har yana gaya wa abokansa a masallaci.

Hoto kuwa da farko bai so ba. Ya ce aikin marasa abin yi ne, kuma ya ji malamai na cewa hoton mai rai akwai magana a kansa. Yayan nan nawa ne ya tsaya mini. Ya ce, “Baba, a bar shi, gara wannan da zaman majalisa.” Shi ne kuma ya sayo mini kyamara da kuɗinsa, Canon 600D ta hannu, samfurin 2011, da gilashi mai milimita 50. Ya kawo ta naɗe cikin ƙyallen shadda, ya aje mini a kan katifa bai ce komai ba.

Malam, da wannan kyamara na san garinmu. Nakan gangara bakin Gulbi, wajen da tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu, in zauna da masu lambu da masu buga bulo. Na ɗauki hawan salla a ƙofar Sarkin Katsinan Maradi, na je Tibiri, na je tabkin Madarunfa wurin masunta, na shiga filin kokowa na Kantu. Ba na ɗaga kyamara sai na nemi izini, mata kuwa sai in su suka ce a ɗauka. Lokacin hunturu na fi so, don hazo na tausasa rana, fuskar mutum ta fito ba inuwa mai kaifi a ƙarƙashin ido. Amma ƙurar lokacin ba ta da kyau ga kyamara, ba na kuskura in cire gilashi a waje, sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa. In na wanke hoto nakan mayar wa mai shi. Wani tsoho mai noman tumatir ya riƙe nasa da hannu biyu ya daɗe yana kallo, ya ce rabonsa da hoto tun na katin ɗan ƙasa. Yawancin wannan yawo ranar Juma'a da yamma nake yinsa, Yaya ya riƙe mini shago har a rufe.

To ga abin da ya hana ni barci. Gabanin azumi muka ƙidaya kaya, na shigar da adadin, sai manhajar ta nuna turamen da suka shigo, ba a sayar da su ba, ba su cikin bashi, kuma ba su cikin shago. Na fara zargin abin da na rubuta. Na bi shi layi-layi, na gwada shi da watan da na san lissafinsa da ka, na ɗauko littafin Baba na haɗa da hannu. Lissafi daidai yake. Giɓin ya kai wajen jika ɗari bakwai na sefa, kuma yawancinsa shadda ce mai tsada. Da na koma kan ƴar ƙidayar da nake yi kowace Juma'a da Asabar da safe, sai na ga kayan suna raguwa ne tsakanin Juma'a da Asabar, wato daidai lokacin da nake bakin Gulbi da kyamara.

Ban ce Yayana ɓarawo ba ne, kuma ba zan faɗa ba. Yana da mata da ƴaƴa uku, matar ta sha jinya bara. Ba shi da albashi tsayayye, abin da Baba ya ga dama shi yake ba shi, alhali shi ke kwana a hanya. Rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda aka sake yi a Agustan 2023, shi ya fi kowa jin jiki, don ya ci bashi a lokacin da kaya ba su shigowa. Mai yiwuwa ya ba wasu kaya bashi bai rubuta ba. Mai yiwuwa kuma yana ganin guminsa ne yake ɗauka. Amma dukiyar ta Baba ce, kuma akwai ƙannenmu ƙanana da ke da haƙƙi a ciki.

Kowane daren Juma'a Baba kan kira ni ya ce, “Me na'urarka ta ce?” Sai in karanta masa ciniki da riba da masu bashi, in tsallake shafin giɓi. Bai tambaye ni shi ba, amma na san ya ba ni amana ne don in zama idonsa, kuma duk ranar da na fito daga ɗakinsa zuciyata ba ta yi mini daɗi. In na faɗa masa, ina tsoron jininsa ya hau. Ina tsoron kuma gida ya rabu biyu, don ba wanda zai ce lissafi ne, cewa za a yi ƴan ubanci ne, ɗan amarya na so ya ture ɗan uwargida ya gaje shago. Mahaifiyata da tasa sun yi shekaru suna zaman lafiya, ba na so ta dalilina su daina gaisawa. Sannan na san abin da Baba zai fara cewa: da ina zaune a shago da haka ba ta faru ba, a aje kyamara.

Wani abokina da muke koyon Python tare ya ce in gyara adadin kawai, layi ɗaya ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan ba zan yi ba. Na yi tunanin in ƙara wa manhajar lambar sirri ta kowa, duk turmin da ya fita a san a hannun wa ya fita, ko abin zai tsaya ba tare da an kira sunan kowa ba. Amma Yaya ba yaro ba ne, zai gane, kuma na baya yana nan.

Malam, shin shirun da nake yi wa Baba ya zama cin amana? Ya dace in fara samun Yaya mu biyu, kuma da wane baki ƙane zai buɗe wa yayansa irin wannan magana ba tare da ya ci masa fuska ba? Muna da baffa a Unguwar Zariya da dukanmu muke jin nauyinsa, ko shi ya kamata in sa a gaba? In Yaya ya amsa ya ce zai mayar a hankali, ya halatta in rufa masa asiri Baba bai sani ba? Kuma ko in dakatar da fitar Juma'a har abin ya warware, ko yin hakan zai zama kamar na nuna shi da yatsa?

Kaya na gaba za su shigo kafin babbar salla, kuma Baba ya ce a sake ƙidaya a gabansa. Don Allah a taimaka a karanta wasiƙata kafin lokacin.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗanka mai sauraro,
daga Maradi