Zuwa ga ɗana, a kan darasin Banu Isra'ila da gumaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na ga an ɗora maka darasin Banu Isra'ila da bautar gumaka a ajin manya na Islamiyya. Allah ya taya ka riƙo. Kafin ka buɗe littafi ka riƙe wannan: mutanen nan ba su taɓa wayar gari suka ce babu Allah ba. Raɓa masa wani suke yi a gefe. In ɗalibanka suka tashi da tunanin wasu wawaye ne can suka durƙusa wa ƙarfe, to ka yi aikin baban giwa.

Fara da Alƙur'ani. A Suratul A'araf, aya ta 138, ba su daɗe da ƙetare teku ba suka iske wasu mutane sun duƙufa a kan gumakansu, sai suka roƙi Annabi Musa (AS) ya yi musu abin bauta kamar na waɗancan. Daga nan sai maraƙi. An yi wa Musa alkawarin dare 30, aka cika da 10, Samiri ya narka kayan adon da suka ɗauko, ya fito musu da jikin maraƙi mai kuka. Ka tsayar da ajin a kan aya ta 88 ta Suratu Ɗaha, inda suka ce wannan ne abin bautarku kuma abin bautar Musa. Da sunan annabinsu aka tallata musu gunkin.

Labarin sarakunan da suka zo daga baya yawancinsa daga littattafan Ahlul Kitabi ne, sai abin da aka haƙo a ƙasa. Ka faɗa wa ɗalibai haka tun farko. Inda littattafan suka jingina ƙera maraƙi ga Annabi Haruna, ko gina wuraren tsafi ga Annabi Sulaimanu, ka ajiye shi, domin Alƙur'ani ya wanke su.

Inda nake so ka daɗe shi ne ruwan sama. A Masar, Nilu ke shayar da gona. Kan'ana kuwa tsaunuka ce, kuma nan suka zauna bayan fitowarsu daga Masar, noma sai da ruwan sama, shi ma daga Oktoba zuwa Afrilu, sauran shekara ko ɗigo. In ruwan farko ya makara, ƙasa ta yi tauri, garma ba ta shiga. In na ƙarshe ya ɗauke a Maris, alkama da sha'ir ba sa cika ido. Ga makiyayi ya zauna ya koma manomi. Wa zai koya masa? Maƙwabcinsa Bakan'ane. Shi zai nuna masa iri da lokacin shuka, kuma a cikin sana'ar ce zai ce masa kafin shuka ana hawa tudu a yi yanka ga Ba'al, mai tsawa da hadari. A tudun akwai wurin yanka na duwatsu, da dutse a kafe a tsaye, da gungumen itace na gunkiya Ashera, da wurin ƙona turare. Allunan yumɓu da aka fara haƙowa a Ras Shamra ta Siriya a 1929 suna kiran Ba'al mai hawan gizagizai. Kalmar ba'al kanta ma'anarta mai gida ko ubangiji, don haka bakin mutum zai iya faɗinta yana ganin bai saki Allah ba. Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa a gona, gero na lanƙwashewa, hadari ya haɗu ya watse, zai gane irin tsoron da ya kai su tudun.

Sai siyasa. Bayan Annabi Sulaimanu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mulki ya rabu biyu: Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. Yerobowam, sarkin arewa, ya ga in mutanensa suka ci gaba da zuwa Baitul Maƙdis ibada, zukatansu za su koma ga sarkin kudu. Sai ya ƙera maruƙa biyu na zinariya, ɗaya a Betel kusa da iyakar kudu, ɗaya a Dan can ƙarshen arewa, ya ce ya rage musu wahalar tafiya. Ya bar zuriyar Lawi da aka ware wa hidimar ibada, ya naɗa wasu masu hidima waɗanda abincinsu ke hannunsa, ya mai da idi daga wata na 7 zuwa 15 ga wata na 8. Wuri, da jagora, da lokaci, duk ya sauya su, sunan Allah kawai ya bari.

Ahab, wanda ya hau mulkin arewa wajen 874, shi ta aure ya shigo da abin. Ya auri Yezebel 'yar sarkin Sidon, ya gina wa Ba'al ɗaki a Samariya, babban birninsa, bokayen Ba'al 450 da na Ashera 400 suna cin tuwon fada. A nan Annabi Ilyasu (AS) ya miƙe, kuma Suratus Saffat, aya ta 125, ta ambaci Ba'al da sunansa. Aka yi fari na shekara uku, wato aka kama gunkin a kan abin da ake cewa nasa ne. Tuhumar da Ilyasu ya yi wa jama'a a Dutsen Karmel ita ce raba ƙafa. Ƙasa ma ta ba da shaida: a Kuntillet Ajrud ta Sinai, a 1975 da 1976, an sami rubutu a jikin manyan tuluna na wajen shekara ta 800, mutum yana sa wa ɗan'uwansa albarka da sunan Ubangijin Isra'ila tare da Ashera a jimla guda. Daular Assuriya ta ci Samariya a 722.

An yi gyara, amma dubi yadda ya kasance. A arewa Sarki Yehu ya rushe ɗakin Ba'al, ya bar maruƙan Betel da Dan, domin mulkinsa a kansu yake tsaye. A kudu Sarki Hezekiya ya farfasa macijin tagulla da ake dangantawa da Annabi Musa, saboda an koma ƙona masa turare. Wannan ya fi ba ni tsoro a duk labarin, don ba daga baƙi ya zo ba, abin albarka ne na gida. Tarihin Kano ya kawo irinsa: Dirki, Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, har zamanin Sarki Alwali. Ɗan Hezekiya, Manassa, ya yi shekara 55 a kan mulki ya mayar da duk abin da uban ya rushe, har siffar Ashera ya kafa a cikin Haikali, babban ɗakin ibada na Baitul Maƙdis. Sarki Yosiya ya sake sharewa a 622, ya ƙone kayan a kwarin Kidron, aka kashe shi a Magiddo a 609. Bukhtanasar, sarkin Babila, ya rushe Baitul Maƙdis a 586.

Me ya sa gyaran bai zauna ba? Sarki na iya rushe tudu, ba ya shiga ɗakin kowa. An haƙo ɗaruruwan 'yan gumakan mata na yumɓu, tsawon tafin hannu, a kufan gidajen Yahuza. Irmiya, wanda littattafan Ahlul Kitabi ke kira annabi, ya siffanta gida guda: yara na ɗebo itace, uba na hura wuta, uwa na kwaɓa gari, ana toya waina don wadda suke kira sarauniyar sama. Bayan birni ya faɗi, waɗanda suka gudu Masar suka ce masa tun da suka daina yi mata turare ne masifa ta same su.

Rufe da hadisin Zatu Anwaɗ. A hanyar Hunaini wasu sababbin musulunta suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya sanya musu bishiyar rataye makamai kamar ta mushirikai, ya ce wannan irin maganar mutanen Musa ce. Daga nan ka tambayi ajin, ba tare da nuna kowa da yatsa ba: in haihuwa ta yi jinkiri, ko kasuwa ta tsaya, ina ake zuwa bayan an idar da salla?

Raba darasin zama uku, kada ka cusa shi a ɗaya. Zana taswira a allo, ka sa Dan, Samariya, Betel da Baitul Maƙdis daga sama zuwa ƙasa, sannan ka tuna musu shekarun nan raguwa suke yi, don nan ne aka fi rikicewa. In ka gama zaman farko ka rubuto mini tambayoyin da suka yi. Innarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yaran.

Wassalam,
Mahaifinka.